Babi na Shida: Tarwada a Akwatin Gilashi

A babin da ya gabata mun yi bayanin ƙananan kifayen ado, waɗanda ba sa wuce tsawon yatsa ko sun tsufa, waɗanda kuma ɗan akwatin gilashi ya ishe su mazauni muddin rayuwarsu. Yanzu kuwa za mu juya ga wani kifi da kowane ɗan Dingyaɗi ya san ɗanɗanonsa tun yana yaro, ko a cikin miya ko a kan faifan mai banda, amma kaɗan ne suka taɓa zama suka yi nazarin halinsa yana raye, watau tarwada.

Mutanen Dingyaɗi da Sifawa da Boɗinga, har zuwa Shagari, a ƙasar Sakkwato, galibinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, ba Sarkawa ba ne da suka gaji koma da gora, saboda haka tun dā kifi baƙo ne da yake zo musu daga Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, da tafkin Kware, da ruwayen Argungu da Yawuri, sa'an nan daga baya aka sami madatsun ruwa irin na Goronyo da na Shagari suka ƙara yawansa a kasuwa. Amma zamani ya zo da wani sabon al'amari, domin tun da kiwon kifi a kwarmin siminti da tankin tamfol ya yaɗu a Nijeriya, har ƙasar ta zama ita ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan tarwada tamu, sai 'ya'yanta suka zama abin da ake samu da kuɗi kaɗan a hannun masu ƙyanƙyasa. Daga nan ne sha'awa takan ɗebi wani saurayi, ko wani ma'aikaci mai son ƙawata falonsa, ya ce shi ma bari ya ajiye guda ɗaya ko biyu a akwatin gilashi, ba don ci ba, don kallo kurum. To, ga wannan mutum ne muka rubuta babin nan.

Yadda Allah Ya halicce ta

Malaman ilmin halittu sun ƙidaya fiye da iri 3,000 na kifaye masu gashin baki a duniya, kuma ruwayenmu na ƙasar Hausa sun sami rabonsu a ciki: akwai tarwada, akwai ramboshi wanda ya yi kama da ita har ana haɗa su aure a wuraren ƙyanƙyasa, akwai kurungu mai ƙaya, akwai kuma minjirya wadda take girgiza hannun wanda ya taɓa ta da ƙarfin lantarki. Ita tarwadar da muke magana a kanta, wani Baturen Ingila mai yawon bincike, William Burchell, shi ya fara shigar da ita littafin ilmi a shekarar 1822, bayan ya same ta a ruwayen Afirka ta Kudu, alhali tana nan tun daga can har Kogin Nilu da Kwara da Tafkin Chadi.

Ba ta da ɓawo a jiki, sai fata mai santsi da yauƙi ya lulluɓe. Kanta faffaɗa ne mai ƙashi, bakinta kuwa ya kusa kai faɗin kan. Tana da gashin baki guda takwas da take laluben abinci da su cikin duhu da ruwan laka, domin idanunta ƙanana ne, kuma mafi yawan kai da kawowarta da dare take yi. A kowane gefe na ƙirjinta akwai ƙaya mai tauri wadda take kafewa da ita in an kama ta, wadda kuma kowane mai gyaran kifi ya san zafin sukarta.

Babbar baiwar da Mahalicci Ya keɓe ta da ita kuwa tana ɓoye ne a cikin kanta, domin a saman jajayen tsokar nan da kowane kifi yake tace iska daga ruwa da su, tarwada tana da wata gaɓa mai rassa da take shaƙar iskar sarari da ita kai tsaye. Wannan shi ya sa ake ganinta tana tasowa saman ruwa lokaci lokaci ta buɗe baki ta koma. Shi ya sa in tafki ya janye da rani, sauran kifaye suka mutu, ita takan saura cikin taɓo tana motsi. Shi ya sa kuma da daren damina, in ƙasa ta jiƙe, takan iya fita daga wannan kududdufi ta ja jiki da taimakon ƙayoyinta ta faɗa wancan. Mai kifi a kasuwa yakan ajiye ta yini guda a baho da ruwan da bai rufe bayanta ba, ta kuma kai yamma da rai.

A nan ne fitinar take. Mutum yakan dubi wannan juriya ya ɗauka cewa tarwada ba ta bukatar kome, alhali kuwa rashin mutuwa daban, zaman lafiya daban. Kifin da yake mutuwa da wuri in ruwansa ya ɓaci ya yi wa mai shi gargaɗi, ko da gargaɗin ya zo da hasara. Amma wadda take haƙuri da ƙazamin ruwa da ƙuncin wuri wata da watanni, fatarta tana gyambo, gashin bakinta yana guntulewa, ita ba ta da bakin kai ƙara, kuma mai ita yana nan yana yabon kansa da iya kiwo.

Mafarauciya ce

Duk abin da ya iya shiga bakin tarwada abincinta ne: ƙwari, da tsutsa, da kwaɗi, da katantanwa, da ƙananan kifaye, da 'yan tsakin tsuntsayen ruwa, da mushe in ta samu, har da tsaba da 'ya'yan itace. Ba ta gutsura yadda tsage yake yi da haƙoransa. Buɗe baki take yi farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki da abin da yake gabanta. Wanda ya zuba mata 'yan kifayen ado don su taya ta zama, zai riƙa ƙidaya su kullum safiya yana samun ragi, ba kuwa zai ga gawa ba. Danginta na wasu ƙasashe ma haka suke, domin a garin Albi na Faransa masu bincike sun ba da rahoto a shekarar 2012 cewa wata babbar 'yar uwarta da take Kogin Tarn tana fisgar tattabaru daga bakin gaɓa sa'ad da suka sauko shan ruwa.

Ba ta kuma ƙyale 'yan uwanta. Duk mai kiwo ya san cewa a cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya akwai waɗanda suke yi wa sauran zarra, kuma in ba a riƙa tacewa ana ware manya daga ƙanana a kai a kai ba, dubu za su koma ɗari, ɗarin kuwa su yi ƙiba da naman sauran. Saboda haka wanda ya yi niyyar ajiye ta don kallo, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ajiye guda ɗaya tak, domin biyu a ƙaramin wuri faɗa za su yi ta yi da dare har ɗaya ta illata ɗaya.

Lissafin mazauni

Wanda ya sayi 'yar tarwada mai tsawon yatsa, lalle ne ya san cewa kifin da zai zauna da shi ba wannan ba ne, wanda zai zama ne. A hannun masu kiwo, in abinci ya wadata, takan kai kilo ɗaya cikin kamar wata shida. Tana iya wuce shekara takwas a raye, girmanta kuwa ba ya tsayawa cak, har an rubuta cewa a manyan ruwaye an sami wadda ta kai mita 1.7 da nauyin kilo 60. Gaskiya ne ba za ta kai haka a ɗaki ba, amma tsawon santimita 60 zuwa sama, abu ne da take kaiwa ba tare da wahala ba. Akwai wata magana da masu sayar da kifin ado suke so su faɗa, wai kifi daidai akwatinsa yake girma. Abin da yake faruwa a hakika shi ne ƙazantar ruwa da ƙunci suna tsumburar da shi, kuma tsumburewa cuta ce.

Ga lissafin da kowa zai iya yi da alƙalami. In ka auna tsawon akwati da faɗinsa da zurfinsa da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yawan litar da yake ɗauka. Akwatin da aka saba gani a shaguna, mai tsawon 60 da faɗin 30 da zurfin 30, lita 54 ke nan, watau bai kai jarka uku ta 'yan garuwa ba. Shawarata ga mai tarwada ita ce tsawon mazauninta ya ninka tsawonta sau huɗu, faɗinsa kuma ya kai tsawonta ɗaya da rabi, domin ta iya juyawa ba tare da ta goga hanci a gilashi ba. Ke nan mai santimita 60 tana bukatar wuri mai tsawon 240 da faɗin 90 da zurfin 60, wanda zai ɗauki kusan lita 1,300. Da yake kuwa kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, nauyin ruwan kaɗai ya haura tan ɗaya, ba a sa gilashi da yashi da duwatsu ba. Tebur ba ya ɗaukar wannan, kuma gilashin taga ba ya riƙe shi. Sa ta a akwatin lita 54 daidai yake da ɗaure maraƙi a akurkin kaji: yau ya shiga, amma gobe fa?

Don haka a gari irin Dingyaɗi, inda fili bai yi tsada kamar na birni ba, kuma magina suna nan, abin da ya fi dacewa shi ne a gina mata kwarmin bulo da siminti a inuwar tsakar gida, a sa bututun zubar da ruwa a ƙasansa, in ana son kallo a kafa gilashi mai kauri a fuska ɗaya. Sai a jiƙa sabon siminti da ruwa ana zubarwa har kaifinsa ya fita kafin a saka kifi. A shimfiɗa yashi mai laushi maimakon tsakuwa mai kaifi, saboda gashin bakinta. A ajiye mata tsohuwar tukunya ko guntun babban bututu inda za ta fake da rana. A kuma rufe sama da raga mai nauyi, domin tana tsalle, tana kuma ture murfi, amma a bar sarari tsakanin ruwa da murfin, tun da yake in aka hana ta kaiwa ga iska takan galabaita.

Ruwa, da zafi, da abinci

Kifi a cikin mazauninsa yake ci, a ciki kuma yake bayan gida, kuma mafi sharrin abin da yake fitarwa ba a ganinsa da ido: wani sinadari ne mai suna amoniya, wanda yake ƙona masa mashaƙa da fata. A gulbi yalwar ruwa takan tafi da shi. A akwati kuwa sai dai a dogara ga abu biyu. Na farko shi ne matatar ruwa, wadda take ɗauke da soso ko tsakuwa inda wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zama suna mai da amoniya wani abu mai sauƙin illa, kuma waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, kuma sukan mutu in famfo ya daɗe a tsaye don rashin lantarki. Na biyu shi ne canjin ruwa, a kwashe rubu'i ko sulusi kowane mako a zuba sabo, a ƙara yawan canjin in babu matata. Ruwan rijiya da na burtsatse sun yi, in ba su da gishiri ko wari. Na famfo kuwa, in an sa masa kulorin, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe tukuna. Wanda aka kwashe kada a malalar da shi a lungu ya dami maƙwabta, a kai shi gindin zogale da alayyafo, gama taki ne mai kyau, kuma israfin ruwa a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu ba abin zargi ne.

Sa'an nan ga yanayin ƙasarmu. Tarwada ta fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, alhali a ƙasar Sakkwato zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, daren hunturu kuma yakan sauko kusa da 15. Ruwa kaɗan da sauri yake ɗaukar zafi, da sauri kuma yake hucewa, saboda haka ƙaramin akwati a ɗaki mai rufin kwano yakan zama azaba da bazara, da sanyi kuwa kifin ya daina ci ya kwanta. Wannan ma wata hujja ce ta yalwata mazauni, da nisantar da shi daga rana.

Game da abinci, wanda ake sayarwa a buhu mai tasowa saman ruwa ya wadatar, ana kuma canza girman ƙwayarsa yadda bakinta yake ƙaruwa. Ƙarama a ba ta sau biyu ko uku a yini, babba kuwa sau ɗaya da magariba ya isa, gwargwadon abin da za ta cinye nan take, domin tarwada ba ta san ƙoshi ba, kuma ragowar abinci ita ce farkon ɓacin ruwa. Fara da tana da gara abin marmari ne gare ta. Amma hanjin kaji da kitse suna ruɓar da ruwa cikin dare ɗaya. Jefa mata kifi mai rai kuma don a tara yara a sha kallon yadda za ta haɗiye shi, ban da cutar da yake iya kawowa daga tafki, ba ɗabi'ar mai ihsani ba ce.

Abin da shari'a ta ɗora wa mai ita

Wannan yanki ba baƙon ilmi ba ne, domin a Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a shekarar 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Saboda haka bai kamata a rufe magana ba a duba abin da fukaha'u suka ce ba. Cin tarwada halal ne a mazhabar Malikiyya, wadda ba ta bambanta mai ɓawo da marar ɓawo a cikin dabbobin ruwa. Ajiye dabba don sha'awa ma malamai sun halatta shi, suna kafa hujja da hadisin Anas ɗan Malik game da ƙanensa Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sani bai kuwa hana ba. Sai dai halaccin yana tafe da sharaɗi, domin Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil kuwa, wanda almajiran ƙasar nan suke karantawa har yau, an bayyana cewa nafakar dabba wajibi ce a kan mai ita in ba ta da makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita.

In aka yi ƙiyasi, kifin da yake akwati ya fi kowace dabba shiga wannan hukunci, gama akuya in an manta da ita takan tsinke igiya, kyanwa takan haura katanga, shi kuwa kifi ba shi da abinci, ba shi da iska, ba shi da tsabta, sai abin da hannun mai shi ya miƙa masa. Nafakarsa ba ta tsaya ga ƙwayar abinci ba. Ruwa mai kyau da wuri mai yalwa suna cikinta.

Ranar da wuri ya yi kaɗan

Turawa sun riga mu shiga wannan sha'ani, domin tun shekarar 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun dajin Landan, kuma kurakuran da suka yi sun isa su zame mana darasi. Har yau shagunansu suna sayar da 'ya'yan wani kifi mai gashin baki da jar wutsiya, ɗan asalin kogunan Amazon da Orinoko, wanda yake haura mita ɗaya in ya girma, masu saye kuwa su rasa yadda za su yi da shi bayan shekara ɗaya ko biyu. A jihar Fulorida ta Amurka, cikin shekarun 1960, wata 'yar uwar tarwada da aka shigo da ita daga Asiya don cinikin kifin ado ta kuɓuta, ta bi magudanun ruwa ta mamaye kudancin jihar, tana shiga tafkunan masu kiwo tana yi musu ɓarna. Ita ma tamu, da aka kai ta Barazil da Indiya don kiwo, ta tsere zuwa koguna ta addabi kifayen ƙasa, har hukumomin Indiya suka haramta kiwonta.

Darasin a fili yake. Baƙon kifin da aka sayo daga Legas ko daga waje, kada a kuskura a zuba shi a madatsar Shagari ko a wata fadama don an gaji da shi. Ko tarwadar gida ma, in daga wurin ƙyanƙyasa ta fito, mai yiwuwa ne haɗin aure ce da ramboshi, ko tana ɗauke da cuta, saboda haka sakinta a gulbi ba sadaka ba ce ga masunta. Mu kuwa muna da mafitar da Bature mai kifin ado yake jin nauyinta: in ta fi ƙarfin wurinta, a ba mai babban kwarmi, ko a sayar, ko a gaggauta kashe ta ba tare da azabtarwa ba, ta shiga tukunya iyali su ci halal.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin ka miƙa kuɗinka ga mai 'ya'yan kifi, ka auna filin gidanka, ka lissafa jarkar ruwan da za ka iya saye kowane mako, ka kuma tambayi kanka wa zai kula da ita ranar da ka yi tafiya. In amsar ta gamsar da kai, ka gina mata kwarmi tun kafin ta iso, za ka kuwa sami kifi mai wayo wanda yake gane lokacin abincinsa, yana tasowa in ya ji takunka. In kuwa abin da kake da shi ɗan akwati ne a kan tebur, ka nemi ƙananan kifayen adon da muka ambata a babi na biyar, ka bar tarwada ga wanda yake da wurin ajiye ta.